Darasi na 14: Gyaran Birkin Hannu na Mota

Ƙasar Madarunfa shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Jiratawa zuwa Ɗan Isa, daga Safo zuwa Gabi, direba zai wuni yana tuƙi bai haɗu da hawan da zai ba shi tsoro ba. Shi ya sa birkin hannu ya zama abin da aka fi wofintarwa a jikin motocinmu. In ya mutu sai a ce ai ga dutse, ga waigi, ga yaron mota. Amma gangare bai ƙare a ƙasar nan ba: akwai gaɓar tabki inda ake lodin kifi da wanke mota, akwai bakin gulbi, akwai kafaɗar titi da aka ɗaga da jar ƙasa, akwai ƙofar gida da aka yi wa tudu saboda ruwan damina. Mota mai lodi ba ta buƙatar tsauni kafin ta gangara. Kuma wanda ta fi samu a bayanta shi ne yaron da aka aika ya sa waigi, ko ƙaramin yaro da ya fake a inuwarta.

A wannan darasi za mu ga yadda birkin hannu yake aiki, abin da ke kashe shi a ƙasarmu, da yadda mutum zai gyara shi da kayan aiki kaɗan. Za mu kuma faɗi inda ya kamata a tsaya a kira makanike.

Yadda yake aiki

Birkin ƙafa da mai yake aiki. In aka taka, man birki ne ke bi ta cikin bututu ya matse tayoyi huɗu. In bututun ya fashe, birkin ƙafa ya raunana, ko ma ya tafi. Birkin hannu kuwa babu ruwansa da mai, waya ce zalla da ƙarfe. Dalilin da ya sa masu ƙera mota suka raba su ke nan: in ɗaya ya ci amana, ɗayan yana nan.

Sandar da direba ke ja tana da haƙora a gindinta, da wani ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran. Ƙarar "ƙas, ƙas, ƙas" da kuke ji, harshen ne ke tsallake haƙori ɗaya bayan ɗaya. Maɓallin da ke kan sandar shi ke ɗage harshen a saki birki. A Corolla da Starlet sandar tana tsakanin kujerun gaba. A tsofaffin Hilux mariƙi ne da ake jawowa daga ƙarƙashin allon gaban direba, a murɗa shi in za a saki.

Daga sandar waya ɗaya ta fito, ta tarar da wani guntun ƙarfe mai kai biyu, daga nan wayoyi biyu suka rabu, ɗaya zuwa tayar baya ta dama, ɗaya ta hagu. Guntun ƙarfen nan aikinsa irin na karkiya ne a wuyan shanun huɗa: yana raba ja daidai tsakanin biyu, in kuwa ɗaya ya ƙi tafiya sai ka ga karkiyar ta karkace. Ku riƙe wannan, don karkacewar za ta gaya muku gefen da ke da ciwo tun ba ku kwance komai ba. Kowace waya tana gudana ne cikin kube, irin wadda ke birkin keke da babur.

A bayan taya akwai tambur, kwanon ƙarfe da ke juyawa tare da ita. Cikinsa akwai takalman birki biyu masu siffar baka, kowanne da fata manne a bayansa. In waya ta ja, wani hannun ƙarfe yana buɗa takalman, fata ta cije cikin tambur, taya ta tsaya. In aka saki, sifirin ya maido su. Wannan tsari tsoho ne, tun 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da irinsa, kuma har yau shi ne a bayan yawancin motocin da ke jigila tsakanin Madarunfa da Maraɗi, har da akori-kura ta Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna.

Wane ƙarfi ake nema daga gare shi? Ƙa'idar da ake ƙera ƙananan motoci a kanta a Turai ta ce dole birkin hannu ya riƙe mota da cikakken lodi a gangaren kashi 20 cikin 100, wato wurin da ƙasa ke tashi mita 1 a cikin kowace mita 5. A irin wannan gangare, mota mai nauyin kilo 1200 tana jan kanta ƙasa da ƙarfin kusan kilo 235. Dutsen da aka tsinta a bakin hanya ba a yi shi don wannan ba, musamman a kan rairayi inda taya ke danna shi ya nutse.

Abin da ke kashe shi a nan

Ruwa da rairayi ne. Daga watan Yuni zuwa Satumba, in Gulbin Maraɗi da ƙoramu suka kawo, mota tana ratsa ruwa da laka har ciki. Robar bakin kube in ta tsage, ruwa ya shiga da yashi, ya kwanta a ciki, waya ta yi tsatsa ta kumbura. Da rani kuma ƙura ta ƙarasa aikin. Wayar da ake ja kullum tana goge kanta. Wadda aka bari wata uku ba a taɓa ba, ita ce ke kafewa.

Akwai wani lahani na rashin amfani da shi da direbobi da yawa ba su sani ba. Fata tana cinyewa a hankali, tazara tsakaninta da tambur tana ƙaruwa. Don haka aka sa wani ɗan gargare mai haƙora a tsakanin takalman, wanda ke buɗa su kaɗan-kaɗan yana cike tazarar. A tsofaffin Toyota da yawa, jan birkin hannu ne ke juya wannan gargare. Wanda ba ya jan birkin hannu, birkin ƙafarsa ma yana ta yin ƙasa, shi kuwa yana zargin mai.

Bincike kafin a taɓa sifana

Ku zauna a kujerar direba, ku taka birkin ƙafa, ku ja sandar a hankali da ƙarfin hannu ɗaya, kuna ƙirga ƙarar. Littafin kowace mota yana faɗin adadinta. A Corolla na shekarun 1990 masu tambur, 4 zuwa 7 ne. Wasu motocin sun fi haka. In ta wuce adadin da littafin ya faɗa, ko ta tashi har ƙarshe babu nauyi, akwai sako-sako a wani wuri, ko waya ta tsinke.

In sandar ta yi tauri ba ta son tashi, waya ta kafe a kube. In kun saki amma mota tana tafiya da nauyi, tana shan mai fiye da kima, tayar baya ɗaya ta yi zafi har tana warin ƙuna, to waya ta ja ta ƙi komawa. Wannan ya fi wanda ba ya kamawa haɗari, don zafin yana iya tafasa man birki. In kuwa sandar ba ta tsayawa inda aka ja ta, haƙora sun cinye ko sifirin ɗin maɓalli ya karye, kuma maganinsa a sauya sandar gaba ɗaya.

A nan ne yawancin mutane ke kuskure, kuma saboda shi aka rubuta darasin nan. Da sun ga sanda ta yi sama sai su nufi notin waya su ɗaure. Sanda ta sauko, rai ya yi daɗi. Amma sau da yawa ba wayar ce ta miƙe ba, tazarar cikin tambur ce ta yi yawa. In aka cike ta da ɗaurin waya, hannun ƙarfen da ke cikin tambur ba ya komawa mazauninsa, gargaren ya daina aiki, wayar kuma tana zaune a ɗame dare da rana har ta gaji. Tsarin aikin shi ne: tambur tukuna, sannan waya, noti a ƙarshe.

Ɗaga mota

Kayan aiki: jak, abin kwance notin taya, sifana lamba 10, 12 da 14, filaya, sukurdireba mai faɗin baki, burushin ƙarfe, sanfefa, giris mai jure zafi, tsumma, bokitin ruwa da sabulu, waigi huɗu, da ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota ko gumagumai masu ƙwari.

Kada a yi aikin nan a kan rairayi. A nemi daɓe ko ƙasa mai tauri wadda ba ta karkata ba, a shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin jak. A sa waigi gaba da bayan kowace tayar gaba. Ku lura da wannan sosai: a Corolla ko Golf, giya tana riƙe tayoyin gaba, don haka a bar ta a ta ɗaya. A Hilux, Hiace da 504 kuwa tayoyin baya giya ke riƙewa. Da zarar an ɗaga baya, babu abin da ke tsare motar sai waigi. A irin waɗannan za a sa giya a firi don taya ta juyu da hannu, a kuma tabbata waigin ya zauna daram.

A sassauta notin taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga, a sauke nauyin motar a kan abin tokarewa. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kansa, ko da na leƙawa ne. Bulon siminti da tubalin ƙasa ba abin tokare mota ba ne, suna rugujewa lokaci guda ba tare da sun yi ƙara ba. Tayar da aka cire a kwantar da ita ƙarƙashin gefen motar. A kori yara daga wurin, kuma kada mutum ya yi aikin shi kaɗai.

Kafin a cire tayoyin, a yi gwaji ɗaya. Abokin aiki ya ja sanda ƙara 3, ku juya kowace taya da hannu. Ya kamata nauyinsu ya zo ɗaya. Wadda ke juyawa sakayau, can matsalar take.

Cikin tambur

A saki birkin hannu gaba ɗaya, in ba haka ba tambur ba zai fito ba. A Toyota da yawa akwai ramuka biyu masu zare a fuskar tambur. A ɗaura ƙusoshi masu zare na milimita 8 a ciki, ana juya wannan kaɗan, wancan kaɗan, sai tambur ya turo kansa waje. In ya taho ya cije, kada a sa ƙarfi: bakinsa ya yi gaɓa, fata ta maƙale. A cire ƴar robar da ke farantin baya, wanda takalman ke zaune a kansa, a zura sukurdireba a mayar da gargaren baya. A Golf, Starlet da ƙananan Peugeot, tambur haɗe yake da boris, babban noti ɗaya ke riƙe da su a tsakiya. Ɗaurin wannan noti yana da ma'auni, in aka kuskure taya na iya fita ana cikin tafiya. Wanda bai taɓa yi ba ya yi na farko a gaban makanike.

Da tambur ya fita, abu uku. Ku ɗauki hoto da salula kafin ku taɓa komai. Kada ku kwance gefe biyu lokaci guda, ɗayan shi ne abin dubawarku. Kada kowa ya taka birkin ƙafa, don silindar da man birki ke buɗa takalman da ita za ta tofo cikinta waje, mai ya zube.

Baƙar ƙurar da ke ciki kada a hure ta da baki ko da iskar famfo. An daɗe ana yin fatar birki da wani ma'adini mai suna asbestos, wanda ƙurarsa ke maƙalewa a huhu ta jawo ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Faransa ta hana shi a 1997, Tarayyar Turai a 2005, amma har yanzu akwai ƙasashen da ke aiki da shi, kuma ba a gane shi da ido. A ɗaure hanci, a jiƙa wurin da ruwan sabulu, a goge da tsumma, a binne tsumman. Wannan magana ta fi shafar yaran gareji, waɗanda ke shaƙar ƙurar nan kullum tun suna ƙanana, kuma haƙƙinsu yana wuyan maigidansu.

Yanzu a duba fata. Sabuwa a Corolla kaurinta milimita 4 ne, iyakarta ta ƙarshe milimita 1. Shawarata ita ce kada a jira iyakar, in ta sauko 2 a sauya, domin fatar da ta yi siriri tana iya ɓamɓarewa daga takalmin. Ana sauya huɗun ne tare, dama da hagu. In fatar ta yi santsi tana ƙyalli, a ɗan goge ta da sanfefa a jiƙe. In kuwa ta jiƙe da mai, ta mutu. Wanke ta da fetur ko gasa ta a wuta, kamar yadda wasu ke yi, ba ya fitar da man da ya shige ta. Sai a nemo inda man ya fito. A ɗaga robar bakin silinda: in akwai danshi, man birki ne ke yoyo. A Hilux da 504 yana iya zama baƙin mai daga aksul. Duka biyun aikin makanike ne, kuma motar ba ta ɗaukar fasinja sai an yi shi.

A dubi tambur ɗin ma. An rubuta iyakar faɗinsa a jikinsa, na Corolla milimita 201, sabo kuwa 200. Wanda ya tsage ko ya yi kwari mai zurfi a ciki, a sauya.

In fata da tambur lafiya suke, sai gargare. A cire shi, a wanke zarensa da burushi har ya juyu da yatsa, a shafa giris ɗan kaɗan. Na dama da na hagu sau da yawa zarensu ya saɓa, kada a musanya. A motsa hannun ƙarfen da waya ke ja, a tabbata yana tafiya yana dawowa har mazauninsa. A ɗiga giris a wuraren da takalmi ke gogar farantin baya, kamar ƙwayar gero, kada ko kaɗan ya taɓa fata. Sannan a buɗa gargaren haƙori-haƙori, ana gwada tambur, har ya shiga yana ɗan shafar fata amma yana juyawa da hannu ɗaya. A yi wa ɗaya gefen haka, a mayar da tambur na gefen biyu, a taka birkin ƙafa sau da yawa, a ja sanda a saki kamar sau 10. Ku sake ƙirga ƙarar. Sau da yawa a nan aikin ke ƙarewa, ba a taɓa notin waya ba.

Waya

In har yanzu gefe ɗaya ba ya kamawa, a bi wayar da ido da hannu daga tambur zuwa karkiyar. Ana neman kube da ya tsage, ko ya kumbura, ko ya narke kusa da salansa, da silin waya da suka tsinke suka yi gashi. A cire kan wayar daga karkiya a ja da filaya. Mai lafiya tana zamewa ta koma da kanta.

Wayar da ta fara tsinkewa ba a ƙulla ta, ba a yi mata walda. Zafin walda yana kashe ƙwarin ƙarfen, za ta riƙe yau ta tsinke ranar da aka ja ta da ƙarfin tsoro. Wadda ta kafe kuma, zuba mata baƙin mai yana sassauta ta na ɗan lokaci, daga baya man ya tara yashi. Wayoyin yanzu ma akwai roba a cikin kubensu, ba a yi su don mai ba. Sauyawa ita ce gyara.

Maraɗi ba ta kai kilomita 30 daga nan ba, amma zuwa biyu asara ce. Ku cire tsohuwar ku tafi da ita. Ku ce wa mai shago: "Alhaji, irin wannan nake so, ta hagu, ga katin motar." Ku shimfiɗa su biyu a ƙasa, ku gwada tsawon kube, tsawon waya, da siffar kawunan, don ta dama da ta hagu ba lalle tsawonsu ya zo ɗaya ba. In ta hannu ce za ku saya, ku ja ta ku gani tana zamewa, ku duba robar bakinta. Wajen ɗaurawa a bi hanyar da tsohuwar ta bi, a mayar da kowane maƙali, kada ta taɓa salansa, kada ta gogi taya.

Noti

Notin yana gindin sanda, ƙarƙashin murfin roba da ke tsakanin kujeru, ko kuma a ƙarƙashin mota wajen karkiya. Galibi biyu ne, ɗaya na saiti, ɗaya na kullewa. A sassauta na kullewa, a ɗaura na saiti zagaye ɗaya, a ja sanda a ƙirga, a sake. In ƙarar ta shigo adadinta, a saki sandar a juya tayoyin biyu. Dole su juya ba tare da cijewa ba. In sun cije, an wuce, a koma baya. Sannan a kulle.

A mayar da taya, a sauke mota, a ɗaure noti a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa. Kafin a motsa, a taka birkin ƙafa a ji ya yi tauri. A kai motar gangare inda babu kowa a baya, direba yana zaune ƙafarsa kusa da birki, a ja sanda, a sa firi, a ɗage ƙafa. A juya motar a gwada ta ɗaya fuskar. Daga nan a yi tafiyar kilomita 2 ko 3 ba tare da yawan taka birki ba, a tsaya a kusantar da bayan hannu ga kowace tayar baya. Ɗumi ba laifi, zafi mai ƙuna yana nufin a sake saiti. Bayan tafiyar kilomita 50 a sake bin notin taya.

Motocin da ba wannan tsari ba

Wasu motocin faranti ne a baya maimakon tambur. A Land Cruiser da Camry masu faranti, an ɓoye ƙaramin tambur a tsakiyar farantin don birkin hannu kaɗai, kuma saitinsa kusan irin wanda muka koya ne. A Golf mai faranti, fistin ɗin baya murɗa shi ake yi, ba a danna shi, wanda ya matse shi da ƙarfi ya ɓata shi. Tun daga 2001 kuma aka fara fito da motocin da maɓallin lantarki ne birkin hannunsu. Waɗannan sai da na'ura, kada a sa musu hannu a gida.

Bayan gyara

A riƙa jan sa kullum, ko a fili ne. Mai mota otomatik ya ja birkin hannu kafin ya sa P, don abin da ke riƙe motar a P ɗan ƙaramin ƙarfe ne a cikin giya. In an ratsa ruwa, a yi ƴar tafiya ana taka birki sama-sama har fata ta bushe. Motar da za a ajiye makonni da damina kuwa, a bar ta a giya da waigi, a saki birkin hannu, don jiƙaƙƙiyar fata tana mannewa da tambur. In birkin ƙafa ya ɓace ana cikin gudu, a rage giya ɗaya bayan ɗaya, a danne maɓallin sanda da babban yatsa, a ja a hankali ana sassautawa in taya ta fara ja da ƙasa. Fizga lokaci guda yana juya bayan mota.

Aikin aji

1. Ku rubuta sunayen sassa biyar da ƙarfin hannun direba ke bi kafin ya kai ga taya, bi da bi.
2. Me ya sa ake fara duba tambur kafin a ɗaure notin waya? Ku amsa da jimla biyu.
3. Wata akori-kura da lodinta nauyinta kilo 2500 ne. In gangare yana jan kusan kashi 1 cikin 5 na nauyinta, kilo nawa birkin hannu zai riƙe?
4. Fata ta fara da milimita 4, yanzu saura 2 da rabi. Nawa ta cinye? Nawa ya rage kafin ta kai 2?
5. Ku kasu uku-uku, mata da maza kowa da rukuninsa. Kowane rukuni ya nemi izinin mai mota ɗaya a unguwa ko a tasha, a sa waigi, direban ya ja sanda ku ƙirga ƙarar. Ku rubuto irin motar, adadin ƙarar, da ranar da direban ya ce an buɗe tambur ɗinta na ƙarshe, ku kawo wa malami a zama mai zuwa.